Yaya, kan maganar na'urar oksijin ɗin Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Na zaga shagunan kayan asibiti a nan Jidda kamar yadda ka ce. Na'urar tana nan, kamar ƙaramar firji mai tayoyi, amma ban saya ba tukuna.

Ita ba ajiyar iska take yi ba. Iskar ɗaki take zuƙa, wadda oksijin ɗin cikinta kashi 21 ne cikin ɗari, ta tace ta har ta haura kashi 90. Da zarar an ɗauke wuta, shi ke nan, ta zama kayan ado. Nan mutum sai ya shekara bai ga wuta ta ƙifta ba, mu kuwa ka san halin unguwarmu. Ga kuma wani abu da mai shagon ya nuna mini a bayanta: lantarkin Saudiyya 60 Hz ne (ma'aunin saurin bugun wutar ke nan), namu na Najeriya 50. Dole in nemo wadda ta dace da wutar gida.

Da na kai maƙwabcina asibiti cikin dare, ban ga ana gungura tukunyar oksijin ko ɗaya ba. Nas ta jona siririn tiyo a bango, wani ɗan ƙwallo ya tashi cikin gilashi, ta tsayar da shi a lita 2 cikin minti. Oksijin ɗin daga babban tanki yake zuwa a bayan ginin, mota ke zuwa cika shi. Wallahi sai da na tuna daren da muka bi Kano a Keke Napep muna cigiyar tukunya.

Kada ku mayar da tukunyar da kuka aro. Babbar tana ɗaukar lita wajen 6,800: a lita 2 cikin minti za ta haura kwana biyu, a lita 5 ko kwana guda ba za ta cika ba. Ku daina ƙara wa Baba yawan litar don tausayi, likita ne zai faɗi adadi. Kuma a nisanta ta da kurfoti da turaren wutan Inna.

Zan aiko da ɗan abin gwajin oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa ta hannun masu dawowa Umra. In ya nuna ƙasa da 90, ku tafi asibiti. Ka tambayo mini kuɗin sola da batir, sai mu yi lissafi gaba ɗaya.

A gaishe da Inna da yara.