Wata uku ina shan shayi da sitibiya

Tun ina aji uku a sakandare ƙuraje suka addabi fuskata, musamman haɓa da gefen kumatu, irin masu zurfin nan da ko sun baje sai sun bar baƙin tabo. Babu irin sabulu da man shafawar da ban kwaso ba a kasuwar Sabon Gari. Ranar da na je wurin likitar fata, bayan ta rubuta min magani sai ta tambaye ni cokali nawa na sukari nake zubawa a shayi. Na ce huɗu, safe da dare, ga lemon kwalba da rana. Ta ajiye biro ta ce, "Malama, sukari yana tayar da insulin a jini, shi kuma ya sa fata ta ƙara fitar da maiƙo, maiƙon ya toshe ƙofofin gashi. Ki rage ki gani."

Na yi kwana biyu ina shan shayi salam, na kasa. Yayata da ke aiki a Samaru ce ta ce in nemi sitibiya, wanda a jikin kwali ake rubuta Stevia. Ganye ne da asalinsa Kudancin Amurka, yankin Paraguwai da Barazil, kuma 'yan ƙabilar Guarani sun daɗe suna sa shi a shayinsu. Abin da ake tacewa daga ganyen ya ninka sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, ba ya kuma tayar da sukarin jini. A Japan ana amfani da shi tun shekarun 1970, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2011.

Kwalin farko a wani kanti na saya wajen unguwar PZ a Zariya, farin gari a 'yan ƙananan ledoji, ga hoton koren ganye a gaba. Na yi sati biyu ina murna. Wata rana Yaya ta juya bayan kwalin ta nuna min da farce: abin da aka fara rubutawa maltodextrin ne, sitibiyar tana can ƙarshe. A jerin kayan haɗi, wanda ya fi yawa shi ake fara sa wa. Shi kuwa maltodextrin daga sitaci ake yin sa, yana tayar da sukarin jini da sauri kamar sukarin da nake gudu. Wallahi abin ya yi min ciwo, don kuɗin ba kaɗan ba ne.

Na biyun garin ganyen ne zalla, kore kamar kuka. Shi nake amfani da shi har yau. Ɗan abin da bakin ƙaramin cokali ya ɗauko ya ishi kofi guda. In hannu ya zarce, akwai wani ɗaci-ɗaci da ke maƙalewa a ƙarshen harshe, ya daɗe bai tafi ba. A shayi mai citta da kanumfari ba a cika jin sa ba. A zoɓo kuwa ya fi ko'ina dacewa, tsamin yana ɓoye ɗacin sarai, har ƙannena suka shanye jarka guda ba su gane ba. Amma koko ya ƙi. Umma ta kurɓa sau ɗaya ta turo min kofin ta ce, "Ke dai sha maganinki, ni ba ni sukarina." Cincin ma na gwada, bai yi ja ba, bai yi ƙarau ba.

Fuskar fa? A wata na uku manyan ƙurajen nan masu zafi sun ragu ƙwarai, goshina ba ya ƙyallin maiƙo kafin azahar kamar da. Lokacin al'ada har yanzu ɗaya ko biyu sukan leƙo a haɓa. Ba zan ce sitibiya ce ta yi aikin ita kaɗai ba, domin ban fasa shafa maganin likita ba, na bar lemon kwalba, na kuma rage madara. Abin da ta yi min shi ne ta sa barin sukari ya yiwu.

Duk mai niyyar saye, ki duba lambar NAFDAC, ki karanta bayan kwalin tun a gaban mai kanti. Mai shan maganin ciwon sukari ko hawan jini kuma ya fara tambayar likitansa. Ledar da na saya watan jiya ko rabi ban ci ba.