Zoom H1n: Ƙaramar Rikoda Mai Kunnen Tsiya a Hayaniyar Legas

Ga mai haɗa shirin fodkas da ke son ɗauko muryar dillalin albasa a Mile 12 ko dattijon zango a Agege, Zoom H1n ta isa a saya, amma sai an san halinta. Ta fito a 2018, jikinta roba ne, tana shiga aljihun riga. Batir biyu ƙanana na AAA kan kai ta wajen awa 10. Katin memori kuwa kada ya wuce 32GB, ba ta karɓar wanda ya fi haka. A gwada shi tun a shago idan a Computer Village na Ikeja za a saya, don jabu ya yi yawa.

Makirfo biyu ne a kanta, a gicciye, kuma komai suna ji: odar danfo (motocin hayar Legas), rurin janareta, fankar sama, har motsin yatsan wanda ya riƙe ta. Wannan shi ne daɗinta, shi ne kuma matsalarta. Ajiye ta kan tebur tsakaninka da baƙo, abin da za ka samu amon ɗaki ne da murya can ƙasa. Kawo ta kusa da bakinsa, kamar tsawon tafin hannu, ka ɗan karkata ta gefe don iskar "b" da "f" kada ta bugi makirfon. Riƙo ɗaya za ka yi mata har a gama, ko ka ɗaura ta a ƙaramar ƙafa, akwai ramin ƙusa a bayanta.

A saitin ingancin naɗi, zaɓi WAV, 48kHz, 24-bit. Awa guda na cin kimanin 1GB. Kashe Auto Level, mai saita ƙarfin sauti da kansa, domin da zarar baƙo ya yi shiru sai ta ɗaga ƙarar janaretan maƙwabta. Murɗa dabaran sauti da hannu har ƙololuwar murya ta tsaya wajen -12 a ma'aunin sauti na allonta, kunna Limiter, mai danne ƙarar da ta wuce kima, saboda dariyar bazata, sannan Lo Cut, mai yanke sauti mai kauri, a 80 ko 120 ya rage gurnani. Ragewa kawai yake yi. Janaretan da ke bakin taga sai dai a roƙi a kashe, ko a koma ɗaki mai labule da katifa.

Doguwar gaisuwarmu tana da amfani a nan. Bayan ka nemi izinin naɗa, yayin da ake "ina gajiya, Alhaji, ya kasuwa", kai kana saita sauti da iyafis a kunne. Da an shiga hira sai ka kame baki. "Na'am" da "haka ne" da muka saba jefawa suna hawa kan maganar baƙo, kuma da yake rikoda ɗaya kuke rabawa, ba sa ciruwa wajen tacewa. Gyaɗa kai ya wadatar. Ka tambayi "yaya aka yi ranar da motar tumatir ta kwana a hanya?", ka bar shi ya ja zaren. Kafin a tashi, naɗi daƙiƙa 30 na shirun wurin don cike giɓi.

Inda ta gaza: ba ta da ramin XLR na jona manyan makirfo, mashiga ɗaya ce ta 3.5mm, don haka hirar mutum uku a situdiyo ba aikinta ba ce, babbar rikodar Zoom irin H6 ake nema. Sannan sai ka sayi hular gashi ta tare iska daban, in ba haka ba iskar bakin ruwa ta Obalende za ta cinye hirar.