Fitar da sauti da kod: abin da za ka saya a Maradi da abin da za ka bari a kanti

Ko kai ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai aikin ƙarshen shekara, ko mai gyaran ampli da lasifikar masallaci, ko mai haɗa ƙararrawar tankin ruwa, kafin ka taɓa aljihu ka fara sanin abin da kake nema. Ƙara kawai kake so wadda za ta ja hankalin mutum, ko kuwa sauti mai tsabta wanda in ka rubuta 1,000 Hz a kod, kaɗawa 1,000 ɗin ce za ta fito a kowace daƙiƙa? Kayan aikin biyu ba ɗaya ba ne, kuma mafi yawan masu shago ba za su bambance maka ba.

In gwaji ne na rana ɗaya, kada ka sayi komai. Burauzar da ke cikin wayarka tana da Web Audio, layi huɗu ko biyar na JavaScript sun isa ta fitar da sauti, sai dai ba za ta yi magana ba sai ka taɓa wani maɓalli a shafin. Mai kwamfuta da Windows yana da winsound.Beep a Python, daga 37 zuwa 32,767 Hz. Duka biyun kyauta ne, amma ba wanda zai ɗaure wayarsa ko kwamfutarsa a jikin tanki ta kwana can. NE555 kuwa, guntun lantarki mai fitar da kaɗawa, ba kod ke juya shi ba, kuma zafin watan Afrilu na garin nan yana karkatar da firikansinsa, wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, don haka na cire shi daga lissafi.

Arduino Uno ko Nano kaɗai, ƙaramin allon da ake loda wa kod, da umarnin tone(), shi kowa ke fara kamawa. Yana aiki, daga 31 Hz zuwa sama, sauti ɗaya a lokaci ɗaya, kuma yana riƙe Timer2, ɗaya daga cikin agogunan cikinsa, wato PWM (saurin kunna-kashe wuta don rage ƙarfinta) na ƙafa ta 3 da ta 11 ya tafi muddin yana kuka. Babban aibinsa shi ne kaɗawar da yake fitarwa mai kusurwa ce, kunna-kashe kawai. In ka nemi 440 Hz, tare da ita za ka samu 1,320 da 2,200 da sauransu suna biye, shi ya sa muryarsa ke da kaushi. Ga ƙararrawa wannan ya wadatar. Ga mai auna ampli ba shi da amfani, domin ba zai gane ko dattin daga amplin yake ko daga abin gwajin ba. ESP32 na asali, wani allo irin Arduino, yana da DAC, mai mayar da lamba zuwa wutar sauti, guda biyu a ƙafa ta 25 da ta 26, amma na bit 8 ne, kuma samfurin C3 da S3 ba su da shi sam.

Ni abin da nake ba kowa shawara shi ne ƙaramin allon AD9833 a haɗa shi da Nano. Guntun na kamfanin Analog Devices ne, an yi shi ne domin wannan aiki kaɗai. A kan allon akwai agogon kwarz na 25 MHz, a cikin guntun kuma akwai ma'ajiyar lamba mai bit 28. Kai dai ka ninka firikansin da kake so da 2 mai ƙarfin 28, ka raba da miliyan 25, ka aika masa sakamakon ta wayoyi uku: FSYNC, SCLK da SDATA. Don 1,000 Hz lambar ita ce 10,737. Don 440 Hz, sautin da aka tsayar a ƙa'idar ISO 16 a 1975 don daidaita kayan kiɗa, 4,724 ce. Tazarar da ke tsakanin mataki da mataki ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na Hz ɗaya ba. Da ka aika lambar, Arduino ya huta, ya je ya karanta maɓallai ko ya rubuta a sikirin, guntun na can yana ta fitar da sautinsa ba yankewa. Yana ba da sinus, wato kaɗawa mai santsi, da mai kusurwa uku, da mai kusurwa huɗu, yana kuma hawa har 12.5 MHz a takarda, nesa da iyakar kunnen ɗan Adam da ba ta wuce 20,000 Hz. Yana cin wuta daga volt 2.3 zuwa 5.5, ke nan batirin cajin waya ya ishe shi in an ɗauke wuta. Abu biyu ne za ka ƙara masa. Abin da yake fitarwa a sinus da mai kusurwa uku bai wuce kusan volt 0.6 ba, sai ka bi da shi ta kwandansata zuwa ƙaramin ampli irin PAM8403 ko LM386. Ba shi kuma da hanyar rage murya ta kod, sai ka sa masa abin murɗawa. Wanda ke gwada lasifika yana ɗaga sauti daga 50 Hz zuwa sama don ya ji inda take karkarwa, in ya ɗanɗana wannan ba zai koma tone() ba.

Sai dai duk wannan yabo ya dogara ne ga ka samu na gari, kuma a nan ne mutane ke asara. Kayan nan ko daga Kano suka biyo ta Katsina da Jibiya, ko odarsu aka yi daga Sin, sukan iso a leda ba takarda ba suna.

Buza, 'yar ƙaramar na'urar da ke yin ƙara, ita ce ta fi cin mutane. Iri biyu ce masu kama da juna kamar an tsaga kara: mai agogo a cikinta, wadda da ka ba ta wuta take kukanta a murya ɗaya tsakanin 2,000 da 3,000 Hz, da marar agogo, wadda ke bin abin da kod ya ce. Ta biyun kake buƙata. Wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa duk buzar da ke ledarsa marar agogo ce, aka raba wa yara masu koyo, kowane kod suka rubuta murya ɗaya ke fita tana shaƙewa, har wasu suka ɗauka su ne ba su iya ba. Wannan ya fi asarar kuɗin ciwo. Saboda haka ka tafi kasuwa da batir a aljihu. Ka ɗora ƙafafun buzar a kai: in ta saki kuka, mai agogo ce, ajiye ta, in ƙas kawai ta yi ta yi shiru, ita ce taka. Galibi mai agogo an toshe gindinta da baƙin danƙo kuma akwai 'yar takarda manne a kanta, marar agogo kuwa ana ganin koren allo a ƙasanta, amma batir ya fi ido gaskiya.

Na biyu, Nano. Wanda ke da guntun CH340 a ƙasa ba jabu ba ne, kwafi ne na halal tunda tsarin Arduino a buɗe yake, manhajar direba kawai za ka sa a kwamfuta. Abin dubawa shi ne babban guntun da ke sama. Ya kamata a rubuce ATmega328P. Akwai alluna masu LGT8F328P da ake sayarwa da sunan Nano. Guntun ba shi da laifi in an faɗa maka, amma in ka loda masa kod a matsayin Nano na yau da kullum, lissafin lokacinsa ya kauce, kowane sauti ya fito a inda ba ka nema ba. In ka ga an goge rubutun guntu ko an shafe shi da baƙin fenti, malam, mayar masa. Siyan na gari mayar da kuɗi gida.

Akwai kuma kit ɗin XR2206 mai akwatin roba da ke ɗaukar ido. An daɗe da daina ƙera guntun na asali, mafi yawan na kasuwa kwaikwayo ne, kuma da hannu ake murɗa shi. Wuce shi.

Shi kansa AD9833, ka duba ɗan ƙarfen agogon da ke kan allon ka ga an rubuta 25.000. In wata lamba ce daban alhali kod ɗinka na lissafi da miliyan 25, duk firikansinka za su zame da kaso iri ɗaya. Gwajinsa ba ya buƙatar osiloskop, na'urar da ke nuna siffar kaɗawa. Ka sa wayarka ta fitar da 440 Hz, ka sa allon ya fitar da 440 Hz, ka kusanta su. In akwai bambanci za ka ji muryar tana hawa tana sauka, kuma yawan hawa da saukar a daƙiƙa shi ne yawan Hz da ke tsakaninsu. In ka ji ta miƙe sumul, kayanka lafiya lau. Ka yi ciniki da mai shago tun farko cewa in ya faɗi wannan gwaji za ka dawo da shi.

Kada kuma ka jona lasifika mai om 8 kai tsaye a ƙafar Arduino. Ƙafar an yi ta ne don miliamfa 20, iyakarta 40, lasifikar kuwa za ta nemi jan abin da ya ninka haka sau da yawa. Ka sa rezistans na om 100 aƙalla, gara ma 220, ko ka bi ta ampli. In kana gwada ƙasa da 100 Hz ka ji shiru a ƙaramar lasifika, kada ka ƙara wuta, ƙaramar ce ba ta iya ɗaukar wannan zurfin, nemo babba.