Na'urar neman ruwa ta TEM da na yi haya, da rigimar da muka sha da tashoshin rediyo

Wata biyu na yi da wannan na'ura ina neman wuraren haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyukan kudancin Kano, inda ƙasa take kan dutse. Aikinta shi ne a shimfiɗa waya murabba'i a ƙasa, a sa mata wutar lantarki, a yanke farat ɗaya, sai a auna yadda maganaɗisun ke mutuwa. Inda dutse ya ruɓe ya riƙe ruwa, siginar takan ɗan jima kafin ta ɓace.

Ba ta da nauyi, batirinta na kai mu yamma, kuma yaran aikina biyu sun iya shimfiɗa wayar tun rana ta farko. Nan kam ta burge ni.

Damuwata ta zo ne a awon farko-farko, wanda ke nuna saman ƙasa. Layin awon da na'urar ke zanawa, wanda ya kamata ya sauko sumul, sai ya riƙa tsalle, alhali babu turken wuta ko janareta a kusa. Kwana uku ina zargin waya. Wani dattijo a sana'ar ne ya ce in kashe wutar na'urar, in saurari sararin kawai. Ashe tashoshin rediyo masu dogon zango ne ke shigo mana, irin na sojan ruwa da ke magana da jiragen ƙarƙashin teku, kamar ta Jamus mai mitar kilohaz 23.4 da ta Amurka mai 24. Ya ce a zamaninsu Omega ce ke addabarsu, tsarin nuna wa jirage hanya mai tashoshi takwas a duniya, ɗaya a Laberiya kusa da Monrobiya, har aka rufe shi a 1997.

Abin da ya ɓata min rai shi ne masu ba da hayar ba su ce uffan a kan wannan ba, kuma littafin na'urar bai bayyana shi ba. Da na yarda da awon farko, da mutanen gari sun zuba kuɗin da suka haɗa da guminsu a busasshen rami.

Da na kunna matatar siginar, na ƙara yawan maimaita awo a kowane wuri, layin ya kwanta. Aikin ya ƙara jan lokaci, amma zan sake hayarta, kuma duk inda na sauka sai na auna hayaniyar rediyon wurin kafin in sa wuta.