Gwajin ƙanjamau: a ɗaki ko a asibiti?

A ƙaramin asibitin da nake aiki, a wani ƙauye ta wajen Rano, tambayar nan ba ta ƙarewa: "Malama, in sayi abin gwaji in yi a ɗaki, ko in zo wurinku?"

Na ɗaki akwai rufin asiri. Ka goga tsinken a dasashi, bayan minti 20 ka ga sakamako, ba idon maƙwabta. Amma galibi saya ake yi a kemis, kuma in layi biyu suka fito, wato alamar mai yiwuwa akwai cutar, dole a tabbatar a asibiti. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne mutum ya gani shi kaɗai da tsakar dare, babu mai kwantar masa da hankali.

Asibiti kuwa akwai kuɗin mota, ga gudun haɗuwa da idon sani. Sai dai tun 2016 gwamnati ta sauya tsari: da an tabbatar, a fara magani kyauta, an daina jira sai garkuwar jiki ta yi ƙasa.

Wanda kunya ta hana shi zuwa, ya fara da na ɗaki. Mai juna biyu, da masu shirin aure da dokar Kano ta 2024 ta wajabta wa kawo takardar gwaji, asibiti ne nasu.