Remini ko Gemini: wanne ya fi dacewa da tsohon hoton da za a mayar da shi 3D?

Ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya kawo tambaya. Yana haɗa gajeren katun na 3D, kuma yana so dattijon cikin labarin ya ɗauko kamannin kakansa, Allah ya jiƙansa da rahama. Hoto ɗaya tak ya rage musu, na situdiyo, ya dushe, rawani ya rufe goshi da kunnuwa, ga tsaga a kumatu. Zai saka shi a Headshot, manhajar kamfanin Reallusion da ke gina kan mutum na 3D daga hoto a cikin Character Creator, manhajarsu ta ƙera mutanen katun. To da wanne zai fara gyara shi, Remini ko Gemini?

Ɗan'uwa, aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma kowannensu yana da inda yake ɓarna.

Remini da danginsa, irin su GFPGAN na Tencent da ya fito a 2021 da CodeFormer na jami'ar Nanyang ta Singafo da ya biyo baya a 2022, masu farfaɗo da hoto ne. Ba aikinsu ba ne juya kai ko cire rawani. Inda ya dushe suke cikewa. Amma da me suke cikewa? Da abin da suka koya daga fuskokin wasu mutane. GFPGAN da CodeFormer sun yi karatunsu ne a kan tarin hotuna 70,000 da kamfanin Nvidia ya kwaso daga shafin Flickr, kuma ba dattijan ƙasar Hausa ne suka cika tarin ba. Duk wanda ke wannan harka ya kamata ya san abin da ya faru a 2020: an ba wata manhaja mai suna PULSE dusasshen hoton Barack Obama, ta dawo da fuskar Bature.

A nan ne nake jin tsoro game da hoton kakanka. Tsagar da ke kumatunsa, a wurin na'ura karce ne da ya samu takarda, sai ta shafe shi. Tabon sallah a goshi, ta ɗauke shi datti. Tamojin gefen ido ta goge, fata ta koma sumul kamar ta ɗan tsana. Hoton zai yi kyau ƙwarai, har ka yi murna, amma tsagar nan ita ce ke faɗa wa mai kallo daga wane gida mutumin ya fito. Idan ta tafi, wani ka gina, ba kakanka ba. Abin da ya sa na fi karkata ga CodeFormer shi ne yana da ma'auni daga 0 zuwa 1: ka yi ƙasa, hoto ya ƙara sheƙi ya nisanci asali, ka yi sama, ya riƙe kamanni ko da bai yi tas ba. Kai kam, sama za ka yi. Sai dai lasisinsa bai yarda da kasuwanci ba, don haka in fim ɗin na sayarwa ne, duba GFPGAN.

Shi kuwa Gemini, manhajar AI ta Google, da ChatGPT da makamantansu, sabon zane suke yi bisa abin da ka rubuta musu. Suna iya abin da farfaɗo da hoto kaɗai ba zai iya ba, kuma shi ne ainihin abin da Headshot ke buƙata: fuska tana kallon gaba sak, baki a rufe, ba murmushi, goshi a buɗe, haske daidai a kowane ɓangare. Batun hasken nan ba ƙarami ba ne. Headshot yana ɗaukar launin hoton ne ya shimfiɗa shi a matsayin fata, don haka inuwar da rawani ya jefa a kan goshi tana iya zama daram, ko da dattijonka yana tsaye cikin rana tsaka a fim. Matsalar Gemini da danginsa ita ce zamewa. Ka ce a cire rawani, sai hanci ya ɗan sirance. Ka ce a gyara haske, sai fata ta ƙara fari, shekaru goma su ragu. Kowane zagaye yana ƙara nisa da asali, kuma kunnuwan da za su ba ka ƙirƙira ce zalla, tunda ba su taɓa ganinsu ba.

Shawarata ita ce ka haɗa su, amma kowa a iyakarsa. Fara da sikanin hoton a 600 dpi (ma'aunin tsabtar sikani), kada ka ɗauke shi da waya, kuma in za a turo maka ta WhatsApp a turo a matsayin fayil, domin yana matse hoto. Ka wuce da shi ta CodeFormer sau ɗaya. Sannan ka ba Gemini aikin rawani da haske kaɗai, cikin umarni guda, ka rubuta ƙarara cewa kada a taɓa tsaga, launin fata da shekaru. Daga nan buɗe manhajar gyaran hoto irin GIMP ko Photoshop, ɗora sabon a kan na asali, rage duhunsa zuwa rabi yadda za ka hango na ƙasa. Dubi tazarar idanu, faɗin hanci da layin haɓa. In tsagar ta ɓace, kwafo ta daga na asali da hannunka. Kunnuwa kuwa, nemi ɗansa ko ƙaninsa da ya fi kama da shi ka ɗauki nasa.

Ga sauran 'yan wasan da ke raye, ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun. Tsayar da mutum a inuwar zaure, ko da safe lokacin hunturu sa'ad da hazo ya lulluɓe Kaduna ya tausasa rana. Ja baya kamar mita biyu ka zuƙo da kamara, saboda hoton kusa yana kumbura hanci. A kashe duk wani gyaran fuska na wayar.

Kafin ka fara ginin kan, nemi yardar iyalin, sannan ka kai wa gwaggonka ko wani babba a gidan hoton ba tare da ka faɗi ko wane ne ba. In ta kira sunansa nan take, ci gaba. In ta yi jim tana dubawa, koma kan ma'aunin nan na CodeFormer ka ƙara shi.