Sharhi kan LDR samfurin GL5528: kayan na aiki, takardar bayaninsa ce ba ta wadatar ba

Na yi odar leda guda ta LDR, wato ɗan kayan lantarki mai gane haske, samfurin GL5528 ta intanet domin haɗa makunnin da ke kunna fitilun sola na ƙofar gida da kansa idan rana ta faɗi. Ɗan abu ne mai faɗin milimita 5 da ƙafafu biyu, a fuskarsa akwai zane mai lanƙwasa na sinadarin kadmiyam salfaid. Idan haske ya ƙaru turjiyarsa, wato yadda yake tare wutar lantarki, ta ragu, idan duhu ya yi ta hau. Ta fuskar kuɗi da ƙarko ba ni da ƙorafi, domin duk wanda na ɗora wa mita yana amsa haske.

Damuwata takardar bayanin ce. Mai sayarwar bai haɗo da komai ba, wadda na samo kuma ba sunan kamfani, ba kwanan wata. Ta ce a hasken luks 10 (luks ma'aunin yawan haske ne) turjiyar tana tsakanin kilo-om 10 zuwa 20 (om ma'aunin turjiya ne, kilo-om kuma om dubu). Na sake samun wata mai lamba iri ɗaya, ita kuma ta ce 8 zuwa 20. Wacce mutum zai ɗauka? Ko ka zaɓi ɗaya, tazarar ninki biyu ce ko fiye. Na jera wasu a kan tebur, haske ɗaya na dukansu, na bi su da mita, kowanne da nasa karatun. A aikace wannan na nufin fitilar wani gida ta kama kafin kiran sallar magariba, ta maƙwabcinsa kuma sai duhu ya fara rufawa, alhali haɗi ɗaya na yi musu. Mai gida ba ruwansa da takarda, kai zai kira.

Abin da ya fi damuna shi ne sharuɗɗan awon, waɗanda aka cusa a ƙasa da ƙananan haruffa. An auna adadin turjiyar ne da fitila mai zare irin ta da, wadda haskenta ke da ja-ja, bayan an bar kayan awa 2 a hasken luks 400 zuwa 600. Dalilin wannan jira shi ne LDR yana riƙe tarihin hasken da ya sha: wanda ya kwana a duhu ba zai ba ka karatu ɗaya da wanda ya wuni a rana ba. Takardar ba ta yi bayanin haka ba ko da layi ɗaya, ballantana ta faɗi girman bambancin. Turjiyar duhu ma, mega-om 1 (om miliyan ɗaya) da aka rubuta, ana ɗaukarta ne daƙiƙa 10 bayan kashe fitila, kuma tana ci gaba da hawa bayan nan. Nawa take kaiwa da tsakar dare? Shiru.

Akwai adadin da ake kira gamma, 0.7, wanda ke nufin daga luks 10 zuwa 100 turjiyar na raguwa kusan ninki biyar. Wannan yana da amfani, na yaba. Amma zanen da ke nuna shi ya tsaya a luks 100, ga shi ya dushe saboda yawan kwafi, alhali ranar tsaka na kaiwa luks 100,000. Batun zafi kuwa, an rubuta yana jure digiri 30 ƙasa da sifili zuwa 70, shi ke nan. Jure wa zafi daban, riƙe karatu daidai daban. Makunnin da ke cikin akwatin ƙarfe a kan katanga cikin watan Afrilu yana shan zafin da ya wuce na iska nesa ba kusa ba, kuma ina buƙatar sanin yadda turjiyar ke gocewa a wannan hali.

Da na buɗe takardun wasu kayan gane haske, TEMT6000 na kamfanin Vishay da BH1750 na kamfanin ROHM, sai na ga yadda ake yi: zanuka a fili, sharuɗɗan awo a rubuce, ga yadda kowanne ke amsa launukan haske. BH1750 ma karatun luks yake bayarwa kai tsaye, daga 1 zuwa 65,535, sai dai yana buƙatar ƙaramar kwamfuta irin Arduino, kuma ya fi tsada.

Har yanzu ina amfani da GL5528 wajen kunnawa da kashewa kawai. Ina haɗa shi da LM393, wani ɗan kayan lantarki mai kwatanta ƙarfin wuta, da turjiya mai juyawa, in saita kowane makunni da hannu a inda zai zauna lokacin almuru, in kuma bar 'yar tazara tsakanin matakin kunnawa da na kashewa don kada fitilar ta riƙa ƙyaftawa. Duk aikin da ke buƙatar sanin ainihin yawan haske, ba na sa shi a ciki.